Burano, Tsibirin da Ake Ɗinki a Kan Iska

A arewa maso gabashin ƙasar Italiya akwai wani tsohon birni mai suna Benis. Mutanen garin suna ce da shi Venezia, Larabawa kuwa tun zamanin dā suna kiransa Bunduƙiyya. An gina shi a tsakiyar wani babban tafki na ruwan gishiri wanda yake haɗe da teku, kamar wanda ya kewaye Ikko, a bisa ƙananan tsibirai fiye da 100, gadoji fiye da 400 kuma suka haɗa su. Mota iyakarta bakin gari. Daga nan sai ƙafa ko jirgin ruwa, ko kai likita ne, ko ɗan makaranta, ko mai kai kaya kasuwa.

Amma a wannan wata za mu wuce birnin, mu yi gaba kamar kilomita 7, zuwa wani ɗan tsibirin masunta da ake kira Burano. Abin da ya kai sunan wannan tsibiri ko'ina a duniya, allura ce da zare. Matan wurin suna yin leshi da hannu, irin wanda Italiyawa suka sa wa suna punto in aria, watau ɗinki a kan iska. Akwai lokacin da sana'ar ta kusa mutuwa, har sai da aka yi cigiya kafin a sami tsohuwa ɗaya wadda ta tuna da ita, sa'an nan ta farfaɗo. Yadda aka yi haka, da yadda ake koyon aikin, shi ne labarinmu.

Kafin mu shiga jirgi, bari mu raba tsakanin abu biyu, gama sunansu ɗaya ne. Leshin da matanmu suke saya a kasuwa domin biki ko Kirsimati, inji ne yake yi masa ado a kan yadi. Tun wajen shekarun 1960 masana'antun garin Lustenau na ƙasar Ostiriya suka shiga kawo shi Nijeriya, daga baya na ƙasar Sin ya cika kasuwa. Leshin Burano kuwa ba yadi a ƙarƙashinsa ko kaɗan. Zare ne yake rataye a jikin zare, madauki bayan madauki, har fure ya fito, ganye ya fito, duka da allura guda.

Hanyar zuwa

Akan hau jirgi a gaɓar arewa ta birnin Benis, wurin da ake kira Fondamente Nove. Jirgin haya ne mai lamba 12, kamar bas ɗin cikin gari, tafiyar kuwa wajen minti 45 ce. Da tashinku za ka ga wani tsibiri kewaye da jan bango na tubali, dogayen itatuwa sun leƙo ta samansa. San Michele ke nan, makabartar birnin. Gaba kaɗan jirgin zai tsaya a Murano, tsibirin masu narka gilashi. A shekarar 1291 hukumar Benis ta umarce su su kwashe tandunansu su koma can, domin tsoron gobara, har wa yau kuwa suna nan suna hura gilashi.

Bayan Murano sai gine-gine su ƙare, tafkin ya buɗe. Ruwan ba shi da zurfi. In teku ta janye, sai ka ga laka da ciyawa sun bayyana, zalɓe da sauran tsuntsayen ruwa suna kiwo a kai. Saboda haka aka kakkafa manyan gumagumai uku uku, an ɗaure kawunansu, suna nuna wa direban jirgi inda hanya take. Daga nesa za ka hango hasumiyar Torcello, inda aka kafa harsashin babbar majami'a tun shekarar 639. Mutanen da suka fara zama a waɗannan tsibirai 'yan gudun hijira ne daga garuruwan tudu, musamman Altino, waɗanda yaƙi ya kora suka fake cikin ruwa, inda dawakin abokan gaba ba su iya shiga.

Can sai wata hasumiya ta ɓullo, ta karkata gefe ɗaya kamar za ta faɗi. In ka gan ta, shirya kayanka, an iso Burano.

Garin masunta

Abin da zai fara ɗaukar idonka shi ne launin gidaje. Wannan ja, na kusa da shi shuɗi, na gaba rawaya, sai kore, sai ruwan hoda, sai ruwan goro, a jere a bakin ruwa, inuwarsu tana rawa a cikinsa. An ce masunta ne suka fara yin haka domin kowa ya gane gidansa in ya komo cikin hazo. Yanzu abin ya zama doka. Mai gida ba ya shafa fenti yadda ya ga dama, sai ya nemi izinin hukuma, a faɗa masa launin da ya dace da gidansa.

Gidajen ƙanana ne, bene ɗaya ko biyu. An rataye labule a bakin ƙofa, an shanya wanki a igiya daga taga zuwa taga, kwalekwalen mai gida kuwa yana ɗaure a ƙofar gida kamar yadda manomi yake ɗaure jakinsa. Ƙananan tsibirai 4 ne aka haɗa da gadoji suka zama garin, wata doguwar gadar katako kuma ta haɗa shi da maƙwabcinsa Mazzorbo, inda gonakin inabi da na kayan lambu suke. Cikin sa'a ɗaya mutum zai iya zaga garin duka da ƙafa. In yunwa ta kama ka, nemi wani biskit mai kama da zobe wanda suke kira bussolà. Da fulawa da ƙwai da man shanu da sukari ake yinsa. Matan masunta sukan toya wa mazajensu shi in za su yi kwanaki a ruwa, gama ba ya saurin lalacewa.

Dandali ɗaya ne a garin, an sa masa sunan Baldassare Galuppi, wani gwanin tsara kiɗa da aka haifa a tsibirin a 1706. A gefe guda ga majami'ar San Martino, wadda aka gina a ƙarni na 16. A cikinta akwai zanen gicciye Yesu wanda mashahurin mai zane Tiepolo ya yi yana saurayi. Hasumiyar nan da muka hango ta ƙararrawar majami'ar ce. Tsawonta mita 53, ta karkata kusan mita 2, domin ƙasar da ke ƙarƙashinta laka ce. Daura da majami'ar akwai wani tsohon gini na jan tubali. Nan ne makarantar leshi take a dā, yanzu kuwa gidan kayan tarihin leshi ne. Nan za mu daɗe.

Asalin sana'ar

Tsofaffin Burano suna da tatsuniya a kan mafarin leshi. Wai wani saurayi matuƙin jirgi ya kawo wa budurwarsa wata irin ciyawar teku, fara, mai rassa sirara kamar an zana. Da ya koma ruwa, sai ta ji tsoro kada ciyawar ta bushe ta marmashe, ta ɗauki allura da zare ta kwaikwayi kamanninta. Tatsuniya ce, amma akwai abin lura a cikinta. Matan da suka tashi suna gyaran tarun mazajensu sun riga sun san yadda ake ƙulla zare ya bar ido.

Tarihi kuwa ya nuna aikin ya fara ne a gidajen attajirai da gidajen mata masu zaman zuhudu na birnin Benis, tun ƙarshen ƙarni na 15 zuwa na 16. Da fari sukan ɗauki farin yadin lilin su zare waɗansu zaruruwa, su yanke waɗansu, ya zama tagogi tagogi, sa'an nan su cika tagogin da ado. Ana kiran wannan reticella, watau 'yar raga. Yau da gobe tagogin suka yi ta faɗi, yadin ya yi ta raguwa, har wata rana aka ga ba a bukatarsa. Sai aka shimfiɗa zare kawai a bisa zanen da aka yi a takardar fata, aka yi aikin a kansa. Daga nan sunan ɗinki a kan iska ya fito. Masu buga littattafai na Benis suka shiga fitar da littattafan zane domin mata, kamar wanda Cesare Vecellio ya buga a 1591, ta haka zanen ya bazu cikin Turai.

A ƙarni na 17 leshin Benis ya zama abin da sarakuna da fadawa ba su iya fita taro ba tare da shi ba. Maza da mata suna sa shi a wuyan riga da bakin hannu, ana kuma yi wa bagaden majami'u da rigunan firistoci ado da shi. Kuɗin da fadawan Faransa suke zubawa a Benis ya yi yawa har ya dami Colbert, ministan kuɗi na Sarki Louis na 14. A 1665 ya kafa masana'antar leshi ta sarki, ya sa aka lallaɓo gwanayen mata daga Benis su koya wa matan Faransa, musamman a garin Alençon. Hukumar Benis ta ɗauki tafiyarsu kamar cin amanar ƙasa, har ta yi barazanar kama danginsu in ba su komo ba. Amma aikin gama ya gama, sana'a ta riga ta ƙetare.

Daga nan sai kasuwar Benis ta fara sanyi. Yayi ya juya zuwa leshi marar nauyi na Faransa. A 1797 Napoliyon ya rushe mulkin Benis, manyan gidajen da suke sayen leshi suka talauce. A Ingila kuma John Heathcoat ya ƙera injin saƙa raga a 1809, John Leavers ya ƙara masa gyara a garin Nottingham a 1813, har inji ya iya kwaikwayon aikin hannu a kan kuɗi kaɗan. Abin da ba ya kawo abinci, uwa ba ta zaunar da 'yarta ta koya mata shi. Cikin zuriya biyu sana'ar ta kusa ɓacewa daga Burano.

Sanyin 1872

Sanyin da aka yi a farkon shekarar 1872 ya yi tsanani har ruwan tafkin ya daskare ya zama ƙanƙara. Kwalekwale ba ya motsi, taru ba ya shiga ruwa. Mutanen da ba su da gona, ba su da wata sana'a sai su, yunwa ta shiga gidajensu. Aka yi roƙon taimako cikin Italiya, aka tara kuɗi. Wani ɗan majalisa mai suna Paolo Fambri ya ga cewa in an raba kuɗin an ci, baɗi ma haka za a sake yi. Gara a nema wa matan tsibirin aikin da ba ruwansa da kifi. Wata mace daga gidan sarautar Benis, Andriana Marcello, ta ɗauki nauyin al'amarin, Gimbiya Margherita kuma, wadda ta zama sarauniyar Italiya a 1878, ta tsaya musu.

Sai dai wa zai koyar? Aka bincika gida gida, aka sami wata tsohuwa, Vincenza Memo, wadda aka fi sani da laƙabin Cencia Scarpariola. Shekarunta wajen 70, tana kuwa riƙe da tsohon ɗinkin Burano a hannunta. Amma tsufa ya kama ta, ba ta iya tsayawa gaban aji, aikin kuwa a yatsunta yake, ba ta saba bayyana shi da baki ba. Sai malamar makarantar 'yan mata ta tsibirin, Anna Bellorio d'Este, ta riƙa zuwa tana zama kusa da ita, tana kallon yadda allura take shiga da fita, tana gwadawa, har ta iya. Ita ce ta juya ta koya wa 'yan mata na fari, waɗanda ba su kai 10 ba.

A nan akwai abin da ya kamata mu lura da shi. Tsofaffin leshi suna nan a akwatunan majami'u da na attajirai, littattafan zane ma suna nan. Duk da haka ba su isa su ta da sana'ar ba, sai da aka sami hannu mai rai da ido mai haƙurin kallo. Da tsohuwar nan ta rasu shekara biyu kafin sanyin, ko kuwa da malamar ta ga zama gaban talakar tsohuwa ƙasƙanci ne, da labarin Burano ya zama dabam.

Cikin 'yan shekaru ɗaliban suka zama ɗaruruwa. Makarantar ta tattara tsofaffin leshi, aka yi ta nazarinsu ana sake gano ɗinke-ɗinken da aka manta. Aikinta ya kai fadojin Turai da gidajen attajiran Amurka. Kuɗin leshi ya zama abin da yake riƙe gida in kifi ya yi wuya. A wani tsibiri na tafkin kuma, Pellestrina, aka farfaɗo da wani irin leshi dabam wanda ake kitsawa da 'yan sanduna masu zare, amma na Burano na allura ne zalla.

Yadda ake yin aikin

A waɗansu ranaku, in ka hau benen gidan kayan tarihin, za ka tarar da gwanayen mata zaune kusa da taga suna aiki, baƙo yana iya tsayawa ya kalla. Kowacce tana da wani matashi mai kama da ɗan turmi a kwance a cinyarta, ta ɗora ƙafa a kan ɗan benci domin aikin ya matso kusa da ido. Tsakanin matashin da aikin akwai wani ɗan gungumen katako wanda yake ɗaga wurin da ake ɗinkawa, domin allura ta sami hanyar wucewa.

Mataki na fari shi ne zane. Akan zana furen ko ganyen a takarda, a ɗora takardar a kan yadi ninki biyu ko uku, a ɗinke su tare ana bin layin zanen. Dā da hannu ake yi, yanzu da keken ɗinki. Wannan ɗinki na wucin gadi ne, kamar itatuwan da magini yake kafawa ya taka, in gini ya ƙare a cire su. A jikinsa ake ɗaura zaren da zai zama iyakar kowane fure.

Na biyu shi ne cika ciki, wanda suke kira ghipur. A nan ne mai koyo take fara sanin asirin sana'ar, asirin kuwa ɗinki ɗaya ne tak, irin wanda tela yake yi a bakin hudar maɓalli don kada ta zare. Akan sa allura a ƙarƙashin zaren iyaka, a fito da ita ta cikin madaukin da zaren ya yi, a ja a hankali. In layi ya ƙare, sai a rataya layi na biyu a jikin madaukan na fari, na uku a jikin na biyu. Allura ba ta huda takarda ko sau ɗaya, a samanta take yawo. In an matsa madaukan kusa da juna, wurin ya cika kamar yadi. In an yi biyu an tsallake ɗaya, sai ido ya fito. Daga matsawa da tsallakewa ake samun ado iri iri, kowanne da sunansa. Masu yi wa babbar riga aiki a ƙasarmu sun san ɗan'uwan wannan ɗinki, gama da shi suke zagaye ƙananan idanun nan na jikin aska takwas, sai dai su a kan yadi suke yi.

Na uku shi ne haɗa furannin, gama har yanzu kowanne yana zaune shi kaɗai. Hanya biyu ce. Ko a miƙa zare daga wannan fure zuwa wancan a lulluɓe shi da madaukai ya zama 'yar gada, wani lokaci da 'yan ƙulle-ƙulle a jikinta. Wannan shi ake kira ɗinkin Benis, suna cewa yana tuna musu da gadojin birnin. Ko kuwa a cika tsakanin da raga mai laushi ƙwarai, idanunta ƙanana kamar na gidan sauro, kowane ido da allura aka yi shi. Wannan shi ne ɗinkin Burano, wanda Cencia ta riƙe, shi ne kuma mafi cin ido.

Na huɗu shi ne tudu. Akan shimfiɗa zare mai kauri a gefen fure, a lulluɓe shi da madaukai a matse, har gefen ya taso, furen ya fito kamar an sassaƙa shi. Daga ƙarshe sai a sa reza tsakanin takarda da yadi a yanke ɗinkin wucin gadin nan. Leshin ya rabu da takarda ya tsaya da kansa. A bi shi da matsefata a tsince guntayen zare ɗaya ɗaya, a wanke, a yi guga.

A al'adar makarantar, mace ɗaya ba ta yin aikin daga fari har ƙarshe. Kowacce tana da matakin da ta gwanance a kai. Wata raga kaɗai take yi duk rayuwarta, wata gadoji, wata tudu. Leshi ɗaya yakan bi ta hannun mata 5 har zuwa 7 kafin ya gama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan tsari ya sa aikin sauri da kyau, amma yana da haɗarinsa, domin in mai raga ta rasu ba ta bar magajiya ba, sauran shida ba su iya gama ko ƙyalle ɗaya.

Shekara nawa ake koyo?

Yarinya tana iya koyon madaukin nan cikin yini ɗaya. Abin da yake cin shekaru shi ne daidaita jan zare. In an ja da ƙarfi aikin ya tattare, in an sassauta ya yi laɓo-laɓo, kuma dole madauki na dubu ya yi daidai da na fari, ko da safe aka yi shi ko da yamma, ko mai yin tana murna ko tana fushi. Zaren siriri ne ƙwarai, dā na lilin, yanzu yawanci na auduga. Hannu kuma sai ya kasance da tsabta kullum, gama farin zare ba ya ɓoye datti. Shi ya sa a dā ake sa yara tun suna ƙanana, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Garin Alençon na Faransa, inda matan Benis suka kai sana'ar a zamanin Colbert, yana ba mu ma'auni. A 2010 hukumar UNESCO ta sa leshin allura na garin cikin jerin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye. A can an ƙiyasta cewa wuri mai faɗin santimita 1 da tsawon santimita 1, watau kamar farcen ɗan yatsa, yana cin sa'a 7, koyon sana'ar duka kuwa shekara 7 zuwa 10. A Burano ma ɗan abin shimfiɗa a tsakiyar tebur yana iya cin watanni, babban mayafin tebur kuwa shekaru, ko da mata da yawa sun taru a kansa.

Kada kyan aikin ya sa mu manta da wahalar masu yinsa. Ladan da ake biyan matan kaɗan ne in an gwada da kuɗin da ake sayar da leshin a manyan kantuna. Sukan wuni a sunkuye, da dare su ci gaba a gaban fitila, da yawa idonsu ya raunana tun ba su tsufa ba. Bayan yaƙin duniya na biyu, da aikin masana'antu da na otal ya samu, 'yan mata suka ga ba dalilin zama shekara 7 ana koyon abin da ladansa bai kai na mai shara ba. Ba wanda zai ga laifinsu. A 1970 makarantar ta rufe, tana da shekara 98.

Burano a yau

A 1981 aka buɗe ginin makarantar ya zama gidan kayan tarihi, a 1995 ya shiga ƙarƙashin gidajen tarihi na birnin Benis, aka sake gyara shi aka buɗe a 2011. A ciki akwai leshi fiye da 100, daga na ƙarni na 16 har zuwa na 20, da zane-zane da hotunan ɗalibai a jere da matasansu a cinya. Gwanayen da suke zuwa aiki a wurin yawancinsu tsofaffi ne, waɗansu a makarantar suka koya suna yara. Suna ba da darasi ga duk mai so, har daga waɗansu ƙasashe ake zuwa. Masu koyon yanzu kuwa sukan koyi matakan duka, gama ba sauran mata 7 da za a miƙa wa aiki bi da bi.

Mutanen tsibirin suna raguwa, yanzu ba su kai 3,000 ba. Samari suna ƙaura zuwa tudu inda aiki yake, inda kuma ruwa ba ya shiga ɗaki. Ambaliyar 4 ga Nuwamba 1966 ta kai santimita 194 a ma'aunin Benis, ta 12 ga Nuwamba 2019 ta kai 187. Tun Oktoba 2020 aka fara ɗaga manyan ƙofofin ƙarfe a bakin teku in ruwa zai yi yawa, abin ya yi sauƙi, amma waɗanda suka tafi ba su komo ba.

Baƙi kuwa kullum sai ƙaruwa. Jirgi yana sauke su da safe, su ɗauki hoton gidaje, su sayi leshi, su koma da yamma. Kantunan babban titi cike suke da fararen mayafai da lema da riguna, amma mafi yawan masu arha na inji ne, daga Asiya aka kawo su. In kana son na ainihi, kuɗin ne zai fara gaya maka, gama aikin wata uku ba ya zuwa a kan kuɗin abincin rana. Sa'an nan ka duba da kyau. A na inji kowane fure daidai yake da ɗan'uwansa kamar an buga hatimi. A na hannu akwai ɗan bambanci, in ka matso da shi kusa da ido kuma za ka ga madaukan a jere, kowanne rataye da na samansa. Kantunan kirki sukan ba da takardar shaida, waɗansu ma suna da mai aiki zaune a ciki.

Wanda yake so ya gwada a gida, kayan ba su da wuyar samu: allura, da farin zare mai ɗan kauri, da takarda mai ƙarfi, da ƙyalle ninki biyu. A zana ganye ɗaya mai girman tafin hannun yaro, a kwantar da zare biyu a kan layin a kama su da ƙananan ɗinki, sa'an nan a fara rataya madaukai daga wannan gefe zuwa wancan. Ganye na fari zai fito a karkace, na biyar zai fara kama da ganye. Uwa da 'yarta suna iya yinsa tare da yamma.

Burano ta komo kusa da inda take a 1872, sana'ar tana hannun tsofaffi kaɗan, ana jiran masu zuwa su zauna kusa da su. Mai karatu, watakila a gidanku ko a unguwarku akwai wata kaka da ta iya kaɗi, ko saƙar faifai, ko wani dattijo mai ɗinkin hula wanda ba wanda ya gaje shi. Abin da Anna Bellorio ta yi ba ya bukatar kuɗi ko izinin hukuma. Ta ɗauki kujera ta zauna kusa da tsohuwar, ta yi ta kallo har ta iya, sa'an nan ta koya wa waɗansu.